Baffa yana kira na Kwari, ni kuma ina son sake zama JAMB

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan shekara 17 ne, a Ɗorayi muke zaune. Bana na gama sakandare. Burina tun ina aji huɗu in karanta injiniyan lantarki a BUK. Na ci 196 a JAMB, sannan da sakamakon NECO ya fito komai ya yi kyau ban da Kemistiri, D7 na samu. Ina so in haƙura da shiga makaranta bana, in ɗauki shekara guda in gyara takarduna in sake zama. Abbanmu ma'aikaci ne, mu takwas ne a gabansa, ya ce ba shi da kuɗin da zai biya wa mutum ɗaya jarrabawa sau biyu. Baffana, yayan Abba, yana da shago a Kantin Kwari, ya ce in zo ya riƙe ni. Umma kuma ta ce in karɓi kowane kwas a kowace makaranta, don tana tsoron zaman banza a unguwa. Abokaina uku sun samu gurbi, har kunyar fita nake ji. Ina tsoron in na shiga kasuwa ba zan koma karatu ba, in kuma na zauna a gida shekarar ta tafi a banza. Malam, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka.

Shawarata ita ce ka ɗauki shekarar, kuma ka amsa kiran Baffa. Amma kada ka taka ƙofar shagon sai an yi magana a fili a kan lokacin tashinka kullum da kuma ranar da za ka ajiye kasuwar ka fuskanci jarrabawa. Zan faɗa maka dalili, sannan yadda za a yi.

Fara da lissafin kwanaki, don abin da kake kira shekara bai kai shekara ba. Yanzu muna cikin Oktoba. NECO tana yin jarrabawar 'yan waje, wato waɗanda suka riga suka bar makaranta, tsakanin Nuwamba da Disamba, WAEC ma tana da tata a ƙarshen shekara, da kuma wata a farkon sabuwa. JAMB kan buɗe rajista wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, a zauna jarrabawa wajen Afrilu. Ke nan tsakaninka da ranar da za ka sake zama gaban kwamfuta wata shida ne da 'yan kai. Yaran da shekara take kuɓuce musu yawanci ba ragwaye ba ne. Suna ganin lokaci na nan da yawa, sai su ce bari a shiga sabuwar shekara tukuna, daga nan bari a sha ruwa, daga nan sai su ji an fitar da ranar jarrabawa.

Kemistiri ne abu na farko, ya riga JAMB. Ko 300 ka ci, babu jami'ar da za ta ba ka injiniya ba tare da kiredit biyar ba, kuma cikinsu dole da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. D7 ba kiredit ba ne, daga C6 ake fara ƙirgawa. Saboda haka a makon nan, ba makon gobe ba, ka bincika ko rajistar 'yan waje tana buɗe. In ta rufe, ka sa ido a kan ta WAEC ta farkon shekara. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, amma ka buɗe kundin JAMB a shafinsu na intanet ka karanta abin da aka rubuta a gaban kwas ɗinka da jami'arka da idonka, kada ka tsaya ga ji-ta-ji-ta. Za a zo maka da labarin wuraren da ake biya a rubuta wa ɗalibi amsa a allo. Ina roƙonka kada ka je. Ban da haramcin abin da haɗarin a riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya, a shekarar farko ta injiniya za ka sake haɗuwa da Kemistirin nan a aji, kuma a can babu mai rubuta maka.

Wannan shi ne kuma amsar da za ka ba Umma, cikin ladabi. Tsoronta gaskiya ne, ta san unguwa fiye da kai, ta ga 'ya'yan da suka fara da zaman bakin layi suka ƙare a inda ba a so. Amma kowane kwas ɗin da take cewa ba ya nan a ajiye yana jiranka. Da D7 a Kemistiri, yawancin ƙofofin kimiyya a rufe suke, a jami'ar Wudil ne ko ta Northwest ko a ina, kuma darussan da ka zauna a JAMB su ne suke iyakance inda za ka iya canjawa. Ka zauna kusa da ita da takardar sakamakon a hannu ka nuna mata. Uwa ba gardama take nema ba, so take ta san inda ɗanta yake da ƙarfe goma na safe da kuma ƙarfe tara na dare. In ka kawo mata tsarin da ya amsa wannan, za ka ga ita ce ta farko da za ta tsaya maka a wurin Abba.

Akwai wata hanya da ya kamata ka sani ko da ba ita za ka bi ba. Shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da jarrabawarsa, ana yin sa a nan Kano a CAS, kwalejin share fagen shiga jami'a. Kusan shekara guda ne, wanda ya ci da kyau yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye a jami'a. Haka wanda ya yi difloma a Poli. Hanya ce mai kyau, sai dai tana da kuɗin makaranta, tana cin yini, kuma ita ma ba ta yafe kiredit ɗin Kemistiri ba. Tunda Abba ya riga ya faɗi halin aljihunsa, ni ban ga ka fara da ita ba. Ka ajiye ta a matsayin mafita ta biyu in JAMB ta sake ƙi.

Game da 196 ɗin, ka daina sunkuyar da kai. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar, kuma lokacin da aka fara fitar da sakamako fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa, domin kujerun injiniya kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi a ci gaba a kansa. Daga sifili za ka sake tashi.

Ɗauko takardar sakamakon ka duba. Ba jimla kawai aka rubuta ba, an raba makin darasi-darasi. Wanne ne ya ja ka ƙasa? Sau da yawa yaranmu suna ɗora laifi a kan Fiziks alhali Turanci ne ya cinye su, ko kuma lokaci. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya san aiki amma bai saba da linzamin kwamfuta ba, ko yake karanta sakin layin Turanci sau uku kafin ya gane, agogo ne yake kayar da shi. Maganin wannan ba karatun dare har asuba ba ne. Ka samo manhajar JAMB, kyauta take a shafinsu, ka bi ta batu-batu. Ka samo tambayoyin shekarun baya, ka ajiye agogo a gabanka ka amsa, ka yi wa kanka maki, sannan ka koma kan kowace tambayar da ka faɗi sai ka gano inda ka kauce. Wannan komawar ita ce karatun, kuma ita ce ake yawan tsallakewa. Ko sau ɗaya a wata ka je cibiyar kwamfuta ka gwada a kan allo, kuma in JAMB ta buɗe jarrabawar gwaji ka yi rajistarta. Turanci kuwa sai da karatun yau da gobe: shafi biyu ko uku na jarida ko littafi kullum, da ƙamus a gefe. In gidan ya cika da hayaniyar ƙanne, Laburaren Murtala Muhammad yana nan a titin Ahmadu Bello.

To, Kwari.

Ba na cikin masu kallon kasuwa kamar wurin da ake jefa wanda boko ya ƙi. Kano da kasuwa aka gina ta. A Kwari za ka ga 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru suna sauke kuɗi suna ɗaukar diloli, za ka koyi yadda ake karɓar baƙo, yadda ake rubuta bashi da yadda ake bin sa ba tare da an ɓata ba, yadda ake bambance shadda mai kyau da wadda aka yi wa kwalliya ta hanyar taɓawa kawai. Za ka koyi tashi da wuri da riƙe amanar kuɗin da ba naka ba. Injiniyan da ya san waɗannan ya fi wanda bai sani ba, domin ranar da zai buɗe nasa kamfanin su zai nema. Kuma akwai abin da ya fi duk wannan: Baffa ya miƙo hannu. A gidajenmu ba a ture hannun baffa, musamman yayan uba. In ka ƙi, Abba ne zai ji kunya a gaban yayansa.

Amma tsoron da ka faɗa ni ma ina jin sa, kuma yana da tushe. Ga yadda abin yake faruwa. Wata na farko kana ɗauko kaya daga sito kana ninke atamfa, kana komawa gida a gajiye da kuɗin adaidaita da na abinci. Wata na biyu ka fara gane layuka. Baƙo ya tambayi wani leshi da babu a shagonku, ka ruga shagon maƙwabci ka karɓo, ka ɗora ɗan abin da ka ɗora, ka ga la'ada a tafin hannunka. Ranar za ka sayo wa Umma nama a hanya, ta yi ta sa maka albarka. Daga nan littafin Fiziks zai fara nauyi. Ba wanda zai hana ka karatu da baki. Sai dai za ka riƙa jin ana cewa wane ya yi digiri ga shi nan yana neman a ɗauke shi yaron shago, za a ce maka taura biyu ba ta taunuwa, kai kuma gajiya da daɗin kuɗi za su taya su magana.

Sannan ga abin da na fi so ka lura da shi, wanda yaro ba ya hangowa a watan Oktoba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Maris. Lokacin ne Kwari take cika har ba wurin sa ƙafa, kowa yana neman kayan Sallah da zai kai wa tela, 'yan dako suna ta ihun a ba su hanya. Lokacin ne Baffa zai fi buƙatar hannunka, kuma su ne makonnin ƙarshe kafin jarrabawarka. In ba a yi maganar nan tun yau ba, ranar da ka ce za ka tafi karatu shago yana cike da mutane, zai zama kamar ka gudu ka bar shi, kuma ba za ka iya ba. Kunya za ta riƙe ka har Sallah, ka shiga ɗakin jarrabawa da abin da ya rage a kanka tun Janairu.

Shi ya sa nake cewa a yi sharaɗi. Kuma ba kai za ka je ka zayyana wa Baffa sharuɗɗa ba, wannan ba tarbiyya ba ce, kuma zai ɓata abin tun kafin a fara. Abba za ka samu, lokacin da ya huta ya ci abinci, ba da safe yana shirin fita ba. Ka ce masa: Abba, na karɓi maganar Baffa, kuma na gode. Ina neman alfarma ka roƙa mini shi abu biyu, ya riƙa sallamata bayan azahar, sannan daga farkon Fabrairu ya ba ni hutu har in gama jarrabawa, in na gama zan dawo masa yini cikakke. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Daga Mayu har lokacin da jami'a za ta kira ku watanni ne masu yawa, ga Babbar Sallah a ciki, duk nasa ne. Ɗan kasuwa ya san ciniki, zai ga bai faɗi ba. Kafin jarrabawar Kemistiri ma a nemar maka mako biyu.

A zaman nan ne kuma za ka cire wa Abba abin da ya tsaya masa. Bai ce kada ka yi karatu ba, cewa ya yi ba zai iya biya sau biyu ba, kuma mai 'ya'ya takwas a wannan tsadar bai yi ƙarya ba. Ka ce masa kuɗin JAMB a wuyanka yake, daga abin da za ka samu a shago. Na NECO, tunda yanzu ake buƙatarsa, a roƙi Baffa ya ranta, a riƙa cirewa. Duk abin da ka samu ka raba: na mota da abinci a aljihunka, sauran a hannun Umma tun ranar, kada ya kwana a asusun da yake cikin wayarka. Uba da ya ga ɗansa ya zo da lissafi a takarda yana sauraronsa da wani kunne dabam. Ka kuma sanar da shi cewa tun 2024 akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, marar ruwa, wanda yake biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban jami'o'in gwamnati, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ko zai yarda a ci ko ba zai yarda ba, sanin akwai shi zai rage masa nauyin tunani.

Da ni ne kai, da na ƙara abu ɗaya. Ka ce lantarki kake so. Ka taɓa riƙe tasta a gaban allon wuta? Ka nemi mai wayarin ko mai haɗa sola a unguwarku, wanda Abba ya yarda da halinsa, ka riƙa bin sa rana ɗaya a mako ko da jaka za ka riƙe masa. A can za ka ga yadda ake auna batir, yadda ake lissafa nauyin da inbata za ta ɗauka, dalilin da siririyar waya take zafi in an ɗora mata firij da fanka da dutsen guga. Abin da ka haddace a Fiziks zai zama abin da ka gani. Za ka kuma gane ko son da kake yi wa fannin na gaske ne ko sunan injiniya ne yake burge ka, kuma gara ka gane yanzu da ka gane a aji uku.

Dare shi ne inda nake ji maka. Ka dawo bayan azahar, ka yi wanka ka ɗan kwanta, daga la'asar zuwa magariba karatu, bayan isha awa ɗaya da rabi na tambayoyin baya. Ban ce ka yanke abokai ba, ka zauna majalisa daren Juma'a ka sha shayi ka yi dariya. Amma majalisar kowane dare da karatu ba sa haɗuwa, haka wayar da ake kwana ana dannawa ana jiran kuɗin intanet su fashe, haka cacar ƙwallo da ta shiga wayoyin samari. Lokacin karatu ka miƙa wa Umma wayar. Bayan asuba kuma ka riƙe karatun Alƙur'aninka, in akwai saura ka ƙarasa, in ka sauke ka yi tilawa. Jami'a ba za ta ba ka irin wannan sararin ba.

Abokanka uku da suka shiga, ka je ka yi musu murna har gida. Na san da ciwo, balle kai da kake bi ta gaban tsohuwar BUK kullum a hanyar kasuwa. Amma su ne za su gaya maka yadda tantancewar jami'a take, da makin da aka ɗauka a sashenka bana, su ba ka takardunsu na aji ɗaya. Shekara ɗaya tsakaninku ba za ta ɗore a idon kowa ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, ya haɗa na gaba da na baya. Injiniya shekara biyar ce. In ka shiga kana 18 za ka fita kana 23 ko 24, alhali sai wanda ya haura 30 lokacin kammalawa ake cirewa daga bautar ƙasa.

Takardu kuma ka gyara su tun yanzu da babu layi. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a NIN, su zama daidai harafi da harafi da na takardar NECO, domin da NIN ake rajistar JAMB kuma gyara yana ɗaukar lokaci. Ka yi rajista da layin wayarka na kanka wanda ba za ka yar ba, a cibiyar da JAMB ta amince da ita. In sakamakon Kemistiri ya fito, ka koma a ɗora shi a shafinka, don mutane da yawa sun rasa gurbi a kan wannan kaɗai. Gurbin karatu ta CAPS yake fitowa, wato shafin JAMB na bayar da gurbi, kai ne za ka shiga ka karɓa da hannunka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya san wani a ciki, ka ba shi haƙuri ka wuce.

In Baffa ya ce shi yini cikakke yake so ko a bari, kada a ja da shi, kada kuma ka yi fushi. Abba ya ce masa a ɗaga maganar zuwa bayan jarrabawa, za ka zo masa a watan Mayu. Kafin nan ka riƙe mai wayarin ɗin da safe, ka tara yaran maƙwabta 'yan firamare da yamma kana koya musu Lissafi, abin da iyayensu suka ba ka ya isa ya haɗa kuɗin fom kafin Fabrairu. In kuma shekara ta zagayo, gurbi ya fito, ka ji a ranka kasuwar ce taka, ka zo mu sake magana a lokacin, da takardar shiga jami'ar a hannunka. Ka gaida Umma da Abba, kuma gobe da safe ka fara da binciken rajistar NECO.